Hayar Suna a Kasuwar Gwanjon Dizaina: Yadda Shago Ɗaya a Ikeja Ya Haifi Rassa Uku, da Abin da Ya Biyo Baya

Wannan bayanin abin da ya faru da wata 'yar kasuwa ne mai sayar da gwanjon dizaina, wato kayan manyan kamfanoni, a Legas, haifaffiyar Agege, daga 2019 zuwa ƙarshen 2024. Ni nake riƙe mata littafin lissafi tun tsakiyar 2022, saboda haka alƙaluman shago da za a gani a nan daga littafin nan da tsofaffin littattafan shagon suka fito. Ta yarda a rubuta, da sharaɗin kada a kama sunanta ko na shagon. Zan kira ta Hajiya, kamar yadda yaran shago suke kiranta.

Kafin 2019: Agege da Katangowa

Fataucin goro ne ya kawo kakanta Agege, tun zamanin da jirgin ƙasa ke kwasar huhun goro zuwa Kano. Mahaifiyarta kuwa dillaliya ce. Da ƙulli a ka take bin gidaje, matan da ba sa fita su miƙa mata atamfa ko leshi ko sarƙa ko kwanukan jere, ta kai wani gidan ta sayar, ta cire la'adarta, ta dawo da sauran. Hajiya tana ƙarama ita ce mai ɗaukar ƙaramin ƙullin.

Bayan ta yi aure ta fara zuwa kasuwar Katangowa da ke Abule Egba. Wanda bai taɓa ganin fasa dila ba zai yi wuya ya gane sana'ar. Ana idar da sallar asuba ake tafiya. Mai dila ya yanke ɗaurin, kaya su baje, masu zaɓin farko su rufa a kai, kowa hannunsa ya riga idonsa. A cikin dila mai ɗauke da ɗaruruwan kaya, wata rana riga biyu ko uku ne kacal na manyan kamfanoni irin su Burberry ko Hugo Boss ko Ralph Lauren, wata rana ko ɗaya babu. Abin da Hajiya ta fi abokan sana'arta da shi shi ne hannu. Tana taɓa yadi ta san ko ulu ne na gaske. Tana juya riga ta dubi shafi da ɗinkin ciki da bayan maɓalli kafin ta kalli tambarin wuya. Ranar Talata ta wuce kasuwar Aswani a Isolo, wani lokaci ta leƙa Yaba. Abin da ta tsinto ta kai wanki da guga, ta sayar wa ma'aikatan ofis a Ikeja.

Akwai abin da duk ɗan gwanjo ya sani: tufafin gwanjo suna cikin kayan da dokar kwastan ta Najeriya ta hana shigowa da su. Yawancin dilolin ta Kwatano suke biyowa. Ke nan farashin dila da samuwarta suna rataye ne da halin da iyaka take ciki.

2019 zuwa 2021: shagon Ikeja

A watan Maris na 2019 ta kama shago a wani layi da ke bayan Allen Avenue. Ba a yi wata shida ba gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa, a watan Agusta, aka kuma bar su a rufe har Disamba 2020. Dila ta yi tsada, ta yi wuya. A ranar 30 ga Maris 2020 kuma aka sa dokar kulle a Legas saboda korona. Hajiya ta koma ɗaukar hoton kaya a falonta tana sawa a Instagram.

A wannan tsakanin ne wasu daga cikin masu sayen kayanta suka fara kiranta da wata buƙata dabam. Wata tana da jakar Gucci da ta saya a Landan, kuɗi sun tsaya mata, ko Hajiya za ta saya? Ta saya, ta sayar da riba mai kyau. Irin wannan ya riƙa zuwa jefi-jefi, ba ta ɗauke shi a matsayin reshen sana'a ba.

Zuwa ƙarshen 2021 shagon yana sayar da kaya kamar 80 a wata. Ƙa'ida ɗaya ta yi suna da ita: duk wanda ya sayi abu a wurinta ya tabbata jabu ne, ya dawo ya karɓi kuɗinsa cif, ko bayan shekara ne. Har lokacin ba wanda ya taɓa dawowa.

Farkon 2022: inda shawarar ta fito

Wata mai sayen kayanta, 'yar Kaduna, tsohuwar ma'aikaciyar banki da ta ɗan zauna a Amurka, ita ta kawo maganar. Ta ba ta labarin shagunan gwanjo irin su Plato's Closet da Style Encore, waɗanda kamfanin Winmark ke ba mutane hayar sunansu: kowane shago da mai shi, amma allo ɗaya, tsari ɗaya, kuma ana biyan uwar kamfani. 'Yan boko suna ce wa abin faranchayis. Mutanen Legas sun san shi ta gidajen abinci irin su Mr Bigg's. Matar ta ce ita za ta fara karɓa, ta buɗe a Lekki.

Hajiya ta ɗauki abin kamar yadda ubangida ke buɗe wa yaronsa shago, sai dai nan ita za a biya. Kafin wata biyu wasu mutum biyu sun shigo: ƙanin mijinta, wanda zai buɗe a Surulere, da ɗan wani aminin mahaifinta, wanda zai buɗe a Festac.

Yarjejeniyar shafi biyu ce, an buga ta a shagon kwamfuta, babu lauya. Kowa zai biya naira miliyan 2 kuɗin shiga, sannan naira 150,000 duk wata, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Ita kuma za ta ba su suna da launin allo da ledar shago, ta riƙa tallata su a shafinta, ta kuma kawo wa kowane reshe kaya 60 a wata a kan farashin sari. Za a koya wa kowa aiki na mako biyu a Ikeja. Takardar ba ta ce komai ba a kan ko reshe zai iya sayo kaya daga wani wuri, ba ta kuma faɗi wanda zai biya idan aka sayar da jabu ba.

Afrilu zuwa Disamba 2022: kaya sun kasa

Lekki ya buɗe a Afrilu, Surulere a Mayu, Festac a Yuli. Lissafin a bayyane yake: 80 na Ikeja da 180 na rassa, kaya 260 ke nan duk wata, kuma duk sai sun fito daga hannun mace ɗaya mai zuwa Katangowa da asuba.

Ta ɗauki samari biyu su taya ta zaɓe. Sun iya gane tambari, amma ba su iya gane yadi ba, sai ya zama kashi ɗaya cikin uku na abin da suka kwaso ita da kanta take warewa gefe. Watan da aka fi samu a shekarar nan kaya 170 aka haɗa. Ta rage wa shagonta don ta cika wa rassa, duk da haka ba reshen da ya taɓa karɓar 60 ɗinsa.

Zirga-zirga ma ta ƙara nauyi. Daga 1 ga Yuni 2022 gwamnatin jiha ta hana acaba a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Surulere da Eti-Osa, inda Lekki take. Yaron da a da zai hau babur da buhu ya isa cikin awa ɗaya da ɗan abu, ya koma bin danfo, rabin yini ya tafi a gosulo.

Sai kuma abin da ba wanda ya yi tunaninsa: unguwa unguwa ce. Mutanen Lekki ba rigar dila suke nema ba, jaka da takalmi suke so, Louis Vuitton da Chanel da Gucci, irin kayan da ba a cika samu a dila ba sai ikon Allah. Surulere rigunan maza da takalman ofis suke tafiya. A Festac kuwa da an ji farashi ya haura naira 20,000 sai a ajiye. Hajiya tana raba kaya daidai wa daida don kada a ce ta yi son kai, sai kowa ya karɓi rabin abin da ba zai sayu a wurinsa ba.

Hayar shago tana ci, albashin yara yana ci, ga 150,000 na wata. Rassan suka fara cike hangoginsu da kansu, daga masu zuwa Dubai da Turkiyya, wani lokaci daga kasuwar Balogun. Hajiya ta sani. Ta yi shiru, domin ita ma ba ta cika nata alkawarin ba.

Fabrairu 2023: jakar

Ana tsakiyar wahalar canjin kuɗi, takardar naira ta ɓace daga hannun mutane, ciniki ya koma tiransifa da na'urar POS, reshen Lekki ya sayar da jakar Chanel a kan naira miliyan 2.2. Wanda ya kawo ta ya ce a 2022 aka saye ta sabuwa, ga kwali, ga ƙyallen rufi, ga katin shaida mai lamba. Mai reshen ta ga kati ya yi daidai da lambar da ke manne a cikin jaka, hankalinta ya kwanta.

Wadda ta saya ta tafi da ita Landan, ta kai wani shagon da ke karɓar irin waɗannan kaya, aka ce ba za a karɓa ba. Ta dawo ta sa hoton jakar da rasit a Instagram. Ba ta ce reshen Lekki ba. Sunan shagon ta kira, kuma sunan nan Hajiya kowa ya sani da shi.

Ina wurin aka kawo jakar Ikeja. Hajiya ba ta kalli katin ba. Ta ɗaga sarƙar a tafin hannu ta ji nauyinta, ta sunsuna cikin jakar, ta bi layin ɗinki da farce, ta ajiye. Bayan haka ta ce katin ma da kansa ya isa ya tona asiri, domin tun cikin 2021 Chanel ta daina ba da kati da lambar manne, ta koma sa ɗan ƙarfe mai ƙwaƙwalwar lantarki a cikin jaka. Louis Vuitton ma a shekarar ta bar buga lambar kwanan wata. Jakar da aka ce ta 2022 ce, ba ta da dalilin zuwa da kati.

Hajiya ta biya kuɗin daga aljihunta, kashi uku, cikin mako biyar. Cinikin Ikeja ya sauka zuwa kaya 45 a watan Maris. Ta rufe shagonta kwana huɗu ta zagaya rassan uku, ta duba kaya 412 ɗaya bayan ɗaya, ta sauke 57 daga hanga. Wasu jabu ne ƙuru-ƙuru, wasu kuma ba ta iya rantsuwa a kansu.

A Surulere ƙanin mijinta bai ɓoye ɓacin ransa ba.

"Anti, ke kika ce sittin, kika kawo ashirin da biyar. Mai gidan haya ba ya jira. Me kike so in rataya?"

"Na ji, kuma da gaskiyarka," in ji ta. "Amma sunan da ke saman ƙofar nan, shekara nawa na yi ina tsugunne a Katangowa kafin ya zama suna?"

Ba su rabu da daɗi ba, maganar ta kai har gida.

Afrilu zuwa Disamba 2023: abin da aka gwada

Matakin farko shi ne hani: kada wani reshe ya ƙara sayo komai a waje. An yi biyayya, shaguna suka zama fayau. Mai shigowa ya ga hanga goma a ɗakin da aka tsara wa ɗari, ya juya.

Sai aka sassauta. Reshe zai iya saye, amma sai ya turo hoto ta WhatsApp Hajiya ta amince. Wannan ya yi wata biyu. Hoto ba ya ɗauko nauyin ƙarfe, ba ya ɗauko warin gam, ba ya nuna yadda fata ke lanƙwasa a hannu. Ta amince da wani takalmi a hoto, da ya iso gabanta ta ƙi shi, an riga an biya. Ta ce ba za ta ci gaba da cinikin biri a sama ba.

An nemi na'ura. Akwai wani kamfani a Amurka, Entrupy, mai na'urar da ke ɗaukar hoton fata da ɗinki kusa-kusa ta tantance jaka. Da dala ake biya. Na yi mata lissafi, jakunkunan da rassan ke sayarwa a wata ba su kai yawan da zai ɗauki nauyin kuɗin ba.

Wanda aka fi sa rai a kansa shi ne sayo kaya kai tsaye daga Ingila. Wata 'yar uwarta da ke can ta yarda ta riƙa bin shagunan gwanjo tana tarawa, a aiko ta hannun matafiya. Zuwan farko ya yi kyau ƙwarai, aka ce an samu mafita. Sai ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin mai, litar fetur a Legas ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500, kuma kowane shago da janaretansa. Tsakiyar Yuni Babban Banki ya saki naira, dala a farashin hukuma ta bar wajen 460 ta haura 700, ta ci gaba da hawa. Rigar da aka saya da fam a watan Mayu da riba, irinta a watan Oktoba uwar kuɗi ma da ƙyar. An yi zuwa uku aka tsaya.

A watan Agusta reshen Festac ya daina biyan kuɗin wata. Mai shi ya ce ya fita daga yarjejeniya, amma bai sauke allo ba, ya ci gaba da sayar da abin da ya ga dama a ƙarƙashin sunan. A nan ne Hajiya ta je wurin lauya karo na farko. Abin da ta ji bai yi mata daɗi ba. Rajistar da ta yi a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ta sunan kasuwanci ce kawai. Mallakar tambari abu ne dabam, ana yin rajistarsa a ofishin da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari a Abuja, ita kuwa ba ta yi ba. Najeriya ba ta da wata doka ta musamman a kan hayar suna. Hukumar NOTAP, mai kula da shigo da fasaha daga waje, tana rajistar irin wannan yarjejeniya ne idan mai sunan kamfanin waje ne. Tsakanin 'yan gida, abin da aka rubuta a takarda shi ne madogara, takardarta kuwa shafi biyu ce. Za a iya zuwa kotu, in ji lauya, amma a shirya wa lokaci da kuɗi. A watan Oktoba ta shigar da takardun rajistar tambari.

Maganar Festac ba kotu ta raba ta ba. Hajiya ta je Agege ta durƙusa gaban mahaifin yaron, aminin mahaifinta.

"Baba, ban zo ƙara ba. Kuɗin wata biyar da nake bin sa na yafe. Allon kawai nake roƙo ya sauke."

"Tashi, 'yata," in ji dattijon. "Kayan aro ba ya rufe katara. Zan yi masa magana."

An sauke allon a watan Disamba. Naira 750,000 ta tafi a nan.

Janairu 2024: maganar Inna

Rassa biyu suka rage, dukansu ana bin su bashin kuɗin wata, dukansu suna maganar rufewa. Hajiya ta kwana biyu a gidan mahaifiyarta. Tsohuwar ta saurari labarin tun daga farko, sannan ta yi tambaya ɗaya: su waɗannan masu sayen jaka a Lekki, ina tsofaffin jakunkunansu suke?

"Ni shekara talatin ina dillanci," ta ce, "ban taɓa sa kuɗina na sayi kayan da zan sayar ba. Kayan suna cikin ɗakunan mutane. Ke kin bar su a nan kin tafi nema Ingila."

Da Hajiya ta faɗa mini, na koma tsofaffin littattafai. Kayan da ta riƙa saye daga hannun masu zuwa shagonta tun 2020 ba su wuce ɗaya cikin biyar na abin da Ikeja ta sayar ba, amma sun kawo kusan rabin ribar. Da aka kai maganar ga mai reshen Lekki, ita ma ta tuna abin da ta manta ta faɗa a 2022: shagunan nan na Amurka ba uwar kamfani ke aiko musu da kaya ba. Kowane shago daga mutanen unguwarsa yake saye, su kawo, a duba, a biya su nan take.

Lauya ya rubuta sabuwar yarjejeniya, shafi tara. An soke kuɗin wata, an soke alkawarin kaya 60. Reshe ya zama wurin karɓa da sayarwa. Mai kaya ta kawo, a ɗauki hoto, a ba ta rasit mai lamba. Duk Talata da Juma'a a kwashe abin da aka tara zuwa Ikeja. A can Hajiya ko wata yarinyar shagonta da ta shekara huɗu a hannunta za su duba, abin da ya tsallake a ɗaura masa alama mai lamba wadda ba ta cirewa sai an yanke. Abin da ba shi da alama ba ya hawa hanga a kowane shago, reshen da ya karya wannan ya rasa suna a ranar. Idan an sayar, mai kaya ta ɗauki kashi 65 cikin ɗari, reshe 25, Ikeja 10. Ana biyan mai kaya bayan kwana bakwai da ciniki. Abin da ya kwana 90 bai sayu ba, ko ta yarda a rage farashi ko a mayar mata. Idan abu mai alama ya fito jabu, Hajiya ce mai biya ita kaɗai.

Sharaɗi ɗaya Inna ce ta sa a ƙara, kuma a ganina shi ya fi kowanne amfani: ba a faɗin mai kaya. Dillaliya ba ta taɓa cewa zanen wance ne. Mace za ta iya buƙatar kuɗin makarantar yara ba tare da tana son kishiya ko maƙwabciya ta san ta sayar da jakarta ba. Saboda haka kayan da aka karɓa a Lekki sau da yawa a Ikeja ake rataye su, na Ikeja a kai Lekki. Wadda ba ta son a gan ta a shago kuma, a aika mata yarinya har gida.

Fabrairu zuwa Disamba 2024: sakamako

Farkon bai zo da sauƙi ba. Tun watan Janairu ake gyaran gadar Third Mainland, ba a buɗe ta gaba ɗaya ba sai Afrilu, don haka motar Talata da Juma'a takan yini a hanya. Dala ta haura naira 1,500 a watan Fabrairu. Amma wannan tashin da ya kashe sayayya daga Ingila, a nan taimako ya yi. Sabuwar jaka ta fi ƙarfin masu saye da yawa, wadda ke ajiye a durowa a Ikoyi kuma ta ƙara daraja, ga mai ita tana neman kuɗi. Babu dala ko ɗaya a tsakani.

Kaya suka fara zuwa har da waɗanda ba a nema ba. Leshin Suwizalan da aka sa sau ɗaya a biki, atamfa Super da ta zo a lefe ba a ɗinka ba, abaya ta Dubai, ankon da aka kashe wa dubban ɗaruruwa aka sa na yini guda. A garin da ba a mako sai an yi biki, irin wannan kaya ba ya ƙarewa. Hajiya ta fi sanin su ma fiye da jakar Turawa, tun tana ɗaukar ƙulli take taɓa su.

Cikin kowane kaya biyar da aka kawo, kamar ɗaya ake mayarwa. Wasu masu kayan sun yi fushi, musamman waɗanda aka ba su abin kyauta ba su san jabu ba ne. An koya wa yara su ce "ba mu iya tabbatarwa ba" maimakon "jabu ne".

Zuwa Nuwamba shagunan uku suna sayar da kaya kamar 190 a wata, kashi biyu cikin uku na dillanci ne, sauran daga Katangowa, inda har yanzu take zuwa sau ɗaya a mako. Kashi goman da take samu daga rassa ya yi ƙasa da tsohon kuɗin wata na rassa biyun, naira 300,000, har watan Agusta, daga Satumba ya wuce shi. Ba a dawo da komai ba a kan jabu. An dawo da abu biyu saboda lahani, zif da ya lalace da tabo a shafi.

Ba komai ne ya gyaru ba. Surulere yana tafiya ne da ƙyar, domin unguwar ba ta kawo kaya masu tsada kamar Lekki, ana ciyar da shi da rarar sauran. Ƙarin kuɗin wuta na watan Afrilu ga masu layin Band A, wato rukunin da ya fi samun wuta, ya ci wani ɓangare na ribar Lekki. Da Hajiya ta tafi Umara a azumi, kaya sama da 60 suka taru suna jiran alama, domin yarinyar ba ta yarda ta yanke hukunci a kan manyan jakunkuna ita kaɗai ba.

Abin da nake gani ya jawo

Hayar suna tana tafiya daidai inda abin sayarwa iri ɗaya ne. Gidan abinci zai iya rubuta yawan gishiri da minti nawa kaza za ta yi a mai, kowane reshe ya fitar da abu ɗaya. Gwanjon dizaina kowane kaya shi kaɗai ne, ba shi da na biyu, kuma ba a yin odarsa. Hajiya ta yi alkawarin adadi a kan abin da ba ta da iko da yawansa. Daga nan sauran matsalolin suka ɓullo: hanga ta zama fayau, kuɗin wata yana bin mutum ko bai yi ciniki ba, dole ya nemo abin ratayawa. Ban ɗora wa masu rassan laifin cin amana ba. Yarjejeniyar ce ta tura su inda suka je.

Na biyu, abin da mutane ke biya a shagonta ba riga ba ce kawai, tabbacin cewa Hajiya ta taɓa ta ne. Shi wannan ba ya cikin allo ko leda, kuma mako biyu ba ya koyar da shi. Yaron shago na gargajiya yana shekaru a gaban ubangidansa kafin a sallame shi, a nan an tsallake shekarun aka ba da sunan. Tsarin 2024 ya yi aiki ne domin ya raba abin da ke rabuwa, wato wuri da karɓar kaya da hulɗa da unguwa, ya bar tantancewa a hannu ɗaya, ya kuma ɗora asarar jabu a kan mai tantancewar. La'ada ta sa ba wanda ke ci sai an sayar. Zan ƙara da cewa lokaci ya taimaka: da naira ba ta faɗi haka ba, ban tabbata matan Ikoyi da Lekki za su buɗe durowoyinsu da wannan saurin ba.

Raunin da ya rage shi ne wanda Umara ta nuna. Duk tsarin yana tsaye ne a kan hannu biyu, ɗaya ma bai gama nuna ba. A watan Disamba wani ɗan kasuwa daga Abuja da wata daga Kano sun nemi a ba su sunan, da kuɗin shiga a hannu. Hajiya ta ce su dakata. Ta ɗauki yara mata biyu daga Agege, sukan bi ta Katangowa da asuba, da rana su zauna gefenta a Ikeja tana miƙa musu jaka ɗaya bayan ɗaya, ba ta cewa komai sai sun faɗi nasu. Ta ce wa na Abujan ya sake kiranta bayan shekara biyu.